Ƙodarta a Jikin Uwarsa

"Umma ta ce ba za a yi auren ba."

Auta ba ta ɗago kai ba. Ta riga ta ɗora rula a kan gilashin, abin yanka yana hannunta, kuma in aka fara jan layi a kan gilashi ba a tsayawa a tsakiya. Ta ja har ƙarshe, ƙiiii, ta sa yatsu a gefen tsagar ta karya. Gilashin ya rabu biyu tsaf. Sai a sannan ta dubi Dogo.

Yana tsaye a ƙofar shagon babanta, inda suke yanka gilashin taga suna haɗa madubai da firem na hotuna. Rigar aiki ce a jikinsa, jakar kayan gyaran firij a kafaɗa. Saboda tsawonsa kullum sai ya rusuna yake shigowa. Yau a waje ya tsaya.

"Wace Umma?" in ji ta.

"Umma nawa gare ni?"

"Wadda ta ce in zo in zaɓi labulen ɗakina da kaina?"

"Ita."

"Me na yi mata?"

"Kin ba ta ƙoda."

Ta ajiye abin yankan. "Shigo ka yi min bayani, Dogo. Wannan maganar ba kai ba gindi."

Ya shigo ya zauna a kan bencin masu jiran aiki, ya ɗora jakar a cinya.

"Kawu ne ya zo jiya. Yayan Umma. Ya ce ya daɗe yana juya abin a ransa. Wai tunda namanki yana cikin jikin Umma, jininta yana bi ta cikinsa, kin zama 'yarta. Ni kuma daga jikin nan na fito. Wai kamar shayarwa ne, har ma ya fi, don nono ruwa ne, wannan kuwa tsoka ce." Ya sosa ƙeya. "Wai ke ƙanwata ce yanzu."

"To sannu, Yaya."

"Auta, ba wasa nake ba."

"Ni ma. Yaya, ɗaga ƙafarka, akwai ɓarɓashin gilashi a nan."

Ta ɗauki tsintsiya ta hau shara.

An daɗe ana kai Umma wankin ƙoda kafin likitoci su ce sai dashe. Dogo shi kaɗai ta haifa, mahaifinsa ya rasu tun yana ƙarami. Shi ya fara miƙa hannu aka gwada, jininsu bai dace ba. Auta rakiya kawai ta yi masa ran nan. Da ta ga yadda ya fito daga ofishin likita, ta naɗe hannun riga ta ce a gwada nata. Ya dace.

Babanta ya ƙi. Ya ce jiki amana ne, ba ita ta ƙera shi ba, ba ta da ikon ta yanka ta raba kamar gilashin shago. Aka je wurin malamai. Wasu suka faɗi irin maganarsa. Mafi yawa suka ce ya halatta, ceton rai ne, muddin mai bayarwa ba zai halaka kansa ba, ba tilasta shi aka yi ba, kuma ba sayarwa ya yi ba. Baba ya saurari kowa, ya ce, "Ke ba yarinya ba ce. Ki je. Amma ban ce na yarda ba."

Ta je. Yanzu ga tabo a gefen cikinta, ga Umma tana hawa bene da ƙafarta. Ana shirin tsayar da ranar aure ke nan Kawu ya zo da tasa.

"Ita Umma ta yarda da wannan magana?"

"Kuka take ta yi. Ta ce ba za ta aurar da ɗa ga ƙanwarsa ba."

"Malamin da ke koyar da su karatu ranar Asabar, tana jin maganarsa?"

"Fiye da ta likita."

"Ka je ka roƙe shi ya zo gidanku gobe bayan la'asar. Ka ce wa Kawu ya zo. Ni ma zan zo."

"Ba a gayyace ki ba."

"Ƙodata tana gidan. Zan zo in gaishe ta."

*

Da rana Baba ya dawo daga kafa gilashin wani kanti, Mai Kemis yana biye da shi da kwalin ruwan gora a kafaɗa. Kemis ɗinsa yana tsallaken titi. Tun da aka sallamo Auta daga asibiti ya mayar da shagon wurin hirarsa, har kujerar baƙi ɗaya da suke da ita ta zama tasa.

Ya sauke kwalin a gabanta. "Ruwa, ranki ya daɗe. Mai ƙoda ɗaya ai ruwa ne abokinsa."

"Akwai famfo a bayan shago."

"Famfo! Baba, ka ji ko? Shi ya sa nake cewa tana buƙatar wanda ya san kan magani a kusa da ita."

"Likita ya ce lafiyata ƙalau."

"Likita ganinki yake na ɗan lokaci ya ce na gaba ya shigo. Ni kuwa kullum zan riƙa auna miki jini, safe da yamma." Ya gyara zama. "Gaskiya ba kowane namiji ne zai ɗauki mace a haka ba."

"A yaya?"

"A'a, ina nufin... a yadda ake ciki."

"In kana tsoron ba ta cika ba, ka bar wa masu kaya kayansu."

Mai Kemis ya yi dariyar yaƙe, ya tuna ya bar kemis babu kowa, ya tsallaka titi.

Baba ya cire hularsa ya rataye a ƙusa. Tun rasuwar mahaifiyarta su biyu ne a gida, su biyu ne a shago, yayyenta duk suna gidajen mazajensu. Ba mai yawan magana ba ne, shi ya sa in ya fara take tsayar da aiki.

"Na ji abin da kawun yaron nan ya ce. A ƙofar masallaci ya faɗa, kowa yana ji."

"Kuskure ya yi, Baba. Gobe za a gyara."

"Ko kuskure ne ko daidai, ni abin da na gani ɗaya ne. An buɗe miki ƙofa ranar da ake neman abin da ke cikinki. An samu, an rufe."

"Ba haka ba ne."

"To yaya ne? Ni na zauna a ƙofar ɗakin tiyata, ba kawunsa ba. Ni na ga an turo ki kamar gawa." Ya juyar da kai ya dubi titi. "Ba zan yi miki dole ba, ban yi wa yayyenki ba. Amma Mai Kemis ya ce manyansa suna son zuwa, kuma na gaji da ce masa ya dakata. Surutu ne da shi, na sani. Amma bai taɓa neman komai a jikinki ba."

"Ka ba ni gobe, Baba."

"Na ba ki."

*

Falon Umma ƙarami ne, ƙal-ƙal, yana warin maganin goge ƙasa. A bakin ƙofa akwai buta da sabulu, don tun bayan dashen duk wanda zai shiga sai ya wanke hannu. Magungunan da ke hana jikinta ƙin sabuwar ƙodar sun rage mata ƙarfin yaƙi da cuta. Suna jere a tire kusa da kujerarta.

Auta ta durƙusa ta gaishe ta. Umma ta amsa ba tare da sun haɗa ido ba.

Kawu yana zaune a doguwar kujera, sandarsa tsakanin gwiwoyi. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne, mai son karatu, mai tsoron Allah da gaske. Ba don ƙiyayya ya kawo maganar ba, Auta ta sani, kuma wannan ne ya fi ba ta tsoro. Ya mayar da bayaninsa tiryan-tiryan. Malam, wani ɗan tsoho mai farin tabarau, ya saurara har ƙarshe.

"Alhaji," in ji Malam, "abubuwan da ke haramta aure har abada an ƙididdige mana su, ba a bar mana ikon ƙarawa ba. Haihuwa ce, da surukuta, da shayarwa a lokacin da yaro yake jariri, nono ne abincinsa. Hajiya jaririya ce?"

"A'a, amma ai tsoka..."

"An taɓa ƙara maka jini?"

"Lokacin da na yi haɗarin mota."

"Na waye?"

"Ina zan sani?"

"To ka ga. In jini da tsoka suna ƙulla 'yan'uwantaka, wataƙila mai gadin asibitin ƙaninka ne ba ka sani ba. Kuma ko mun bi ka a kan misalin shayarwar, ai wanda ya sha shi ne ɗa, ba wanda ya bayar ba. Ke nan Hajiya ce 'yar wannan yarinyar, Dogo kuma jikanta."

Dogo ya tuntsure da dariya kafin ya kama bakinsa. Har Umma sai da ta rufe fuska da mayafi.

Kawu bai yi dariya ba, bai kuma yi fushi ba. Ya gyaɗa kai a hankali.

"Na karɓa. Na yi kuskure a wannan, Allah ya yafe mini. Amma Malam, tun kafin a yi aikin nan kai da bakinka ka gaya mana sharuɗɗan halascinsa. Ka ce kada a sayar."

"Haka ne. Jikin ɗan Adam ba kayan kasuwa ba ne."

"To in yarinya ta ba uwa ƙoda, uwa ta ba ta ɗa, me aka yi? Ciniki ba sai da kuɗi ba."



"Kawu!" Dogo ya miƙe.

"Zauna. Ba zaginta nake ba. Ƙanwata nake ji wa tsoro. Ita za ta yi sallah da abin nan a cikinta har ta mutu."

Maganar farko wauta ce, Auta ta zo da shirin rusa ta. Wannan kuwa ta shige ta kamar tsinin gilashi a ƙasan farce.

Malam ya cire tabaransa. "An yi sharaɗi? An ce in kin bayar za a ba ki shi?"

"Ba a yi ba," in ji Umma, murya can ƙasa.

"Yarinya, kin nema?"

"Ban nema ba, Malam."

"To a fili babu ciniki. Kyautar ta halatta, auren ma halal ne, duk wanda ya tambaye ni haka zan gaya masa. Abin da ke cikin zuciya kuwa, Alhaji, ba ni da fitilar da zan haska shi. Kai ma ba ka da ita."

Ya yi addu'a ya tashi. Dogo ya dubi uwarsa yana jiran ta yi murmushi. Ba ta yi ba.

"Yaya, ku raka Malam," in ji ta. "Kai ma Dogo, fita. Ku bar ni da ita."

*

Da ƙofa ta rufu Umma ta fashe da kuka. Auta ta bar ta ta yi. Ta tsiyaya ruwa a kofi ta ajiye mata kusa da tiren magani.

"Don wa kika ba ni?" Umma ta tambaya daga baya.

"Umma..."

"Kada ki yi min daɗin baki. Don wa?"

Auta ta zauna a ƙasa, ta jingina da ƙafar kujera.

"Don shi na je asibitin. Da ba uwarsa ba ce ke, da ban san ki ba ma, balle in san kina ciwo. Ba zan yi miki ƙarya ba."

"Kin gani ko."

"Ban gama ba. Kafin a yi aikin ni nake zama da ke a ɗakin wankin ƙoda in yana wurin aiki. Kin tuna sanda aka hana ki shan ruwa da yawa, kike roƙona in goga miki ƙanƙara a leɓe? Kina cewa kada in gaya wa nas? Daga nan ban ƙara sanin inda nasa ya tsaya naki ya fara ba. In kina son in yanka miki zuciyata da rula in ce wannan ɓangaren naki ne, wannan nasa, ban iya ba."

Umma ta share hanci da gefen mayafi.

"Da Yaya ya zo da maganar 'yan'uwantaka, sanyi na ji a raina. Na samu abin fakewa. Kin san me ya sa? Duk sanda na shiga banɗaki na fito sai na yi miki addu'a. Wace suruka ce ake tunawa da ita a banɗaki?"

Dariya ta ƙwace wa Auta. Umma ba ta taya ta ba.

"Ba zan iya ce miki a'a ba, 'yar nan. Ko gishiri kika zuba mini a shayi sai na shanye na ce ya yi daɗi. Ran nan kin saka min mayafi a wanki ya koɗe, na ce dama haka nake son sa. Ƙarya nake, na fi son mayafin nan a kan duk kayana. To wanda ba zai iya cewa a'a ba, in ya ce e, e ɗin nan na gaskiya ne? In na ba ki ɗana don ba ni da bakin hanawa, Yaya ya yi gaskiya. Biya na yi. In je gaban Allah da naman saye a cikina?"

Auta ta dubi tiren magani. Tana iya tuna mata abin da Malam ya faɗa yanzun nan. Tana iya yin kuka, kuma ta san hawaye kaɗan za su isa, gobe a tsayar da rana. Umma za ta ce e, ta ci gaba da shan shayi mai gishiri har ƙarshen ranta.

"To ki ce a'a."

"Me?"

"Ki faɗa. Da bakinki, ba da na Kawu ba, ba da sunan haramci ba. Ki ce ba ki ba ni shi ba."

"Ke kina da hankali kuwa?"

"Kina son ki san ko ciniki ne. Hanyar ɗaya ce. Ki hana ni, ki ga ko zan zo karɓar kayana."

Umma ta zuba mata ido. Sau ɗaya ta buɗe baki maganar ta ƙi fita.

"A'a," ta ce a ƙarshe. "Ban ba ki shi ba."

"Na ji, Umma."

Auta ta tashi ta kakkaɓe zaninta.

"Ranar asibiti zan zo da tasi kamar kullum. Kada ki ci komai da safe, za a ɗebi jini."

A ƙofar gida ta tarar da Dogo yana kai da kawo. Ta gaya masa yadda aka yi, a taƙaice. Ya kama kansa da hannu biyu.

"Ke kika sa ta? Ke da kanki?"

"Ni."

"Malam ya ce halal ne! Kin ji da kunnenki!"

"Halal ne. Amma ba zan shiga gidan da uwarka za ta riƙa tashi tsaye in na shigo ba."

"Zan yi mata magana."

"In ka yi mata magana ka ɓata komai. Kada ka roƙe ta. Kada ka zo shago, kada ka kira ni."

"Har yaushe?"

"Ban sani ba."

"In ba ta canza ba fa?"

"Sai ka auri wata, ni kuma in ci gaba da kai ta asibiti."

Idanunsa suka kaɗa suka yi ja. "Auta, ke zuciyar dutse gare ki?"

"Ƙoda aka cire min, Dogo, ba zuciya ba. Matsa in wuce."

Ta yi tafiyarta ba waiwaye. Sai da ta sha kwana ta zauna a kan dakalin wani rufaffen kanti, ta danne gefen cikinta da hannu, ta jira numfashinta ya dawo.

*

Ta gaya wa Baba komai washegari, tana goge madubi.

"To sai in ce wa Mai Kemis manyansa su zo."

"A'a, Baba. Shi ma ba na so."

"Ke nan kin rasa biyu."

"Ɗaya na rasa. Ɗayan dama ban nema ba."

Baba ya yi tsaki ya ɗauki guduma. Bai ƙara tayar da maganar ba, bai kuma kori Mai Kemis daga kujerar ba.

Makonni suka shuɗe. Duk ranar asibiti Auta tana tsayar da tasi a ƙofar Umma. Ta riƙe mata kati, ta bi layin ɗibar jini, ta karɓo magani, ta mayar da ita gida. Ba ta shiga falo. Ba ta tambayar Dogo. Umma takan saci kallonta ta saman takunkumin da ke rufe mata hanci da baki, kamar mai jiran a gabatar mata da wata buƙata. Ba a gabatar ba. Hirarsu ba ta wuce awon jini da cunkoson hanya.

Wata ranar asibiti wani mai gidan aski ya zo ɗaukar manyan madubai, motarsa ta makara, Baba kuma ba ya nan. Auta ta tsaya aka loda. Kafin ta isa gidan Umma rana ta yi sama. Kafin su isa asibiti an kira lambarsu an wuce, nas ta ce sai su koma ƙarshen layi.

Umma ba ta ci komai ba tun jiya. Ɗakin jira ya cika, fanka ɗaya ce ke juyawa, wani yaro yana ta tsala ihu. Ta zauna ta tashi, ta sake zama. Can ta juyo.

"Ke wace irin yarinya ce wai? Tun asuba nake zaune da mayafi a kaina kamar wadda za a kai tasha! In ba za ki zo ba ki ce ba za ki zo ba mana!"

"Aiki ne ya riƙe ni."

"Aiki! Waya fa? An yanke miki yatsu ne? Ga shi kin zo min da riga duk ƙurar katako a cikin mutane. Kuma madubi kika ɗauka, ko? Ina ganin yadda kike tafiya. Sau nawa likita zai ce ki kula da kanki? Taurin kai kamar na jaki!"

Mutanen layi suka juyo suna kallo. Auta ta ji ranta ya ɓaci da gaske.

"Ai da kin kira ni ke ma. Wayarki ado ce? Kullum ni ce mai kira."

"Ni kike mayar wa magana?"

"Gaskiya na faɗa."

"Rufe min baki, mara kunya! Kuma mayafina da kika koɗar, ki sani ban yafe ba. Sai kin nemo min irinsa!"

"Dama ya tsufa."

"Ya tsufa? Ke ce..."

Umma ta tsaya cak, yatsanta a sama. Ta dubi yatsan. Ta dubi Auta, wadda ta haɗe rai ta kawar da kai gefe tana huci. Wata tsohuwa da ke kusa da su ta ce, "Yi haƙuri, baiwar Allah, yaran yanzu sai addu'a."

Kafaɗun Umma suka fara girgiza. Auta ta zaci kuka ne, ta juyo da sauri. Dariya ce, a bayan takunkumi, har da hawaye.

"Me ya faru?" in ji Auta.

"Babu ruwanki. Tashi ki duba ko layin ya matsa."

Sai bayan azahar suka fito. A cikin tasi Umma ta ci biskit ta sha maganinta. Da suka zo mararrabar da ake juyawa zuwa gidanta, ta taɓa kafaɗar direba.

"Miƙe. Shagon masu gilashi za ka kai mu."

"Umma, me za ki yi a can?"

"Na tambaye ki shawara?"

Baba yana tsaye a bakin tebur yana auna katakon firem. Mai Kemis yana kan kujerarsa, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana ba da labarin wani sabon maganin hawan jini. Suka ga tasi ta tsaya, suka ga wadda ta fito. Rabon Baba da Umma tun a asibiti, inda ta yi masa godiya ya amsa da ka kawai.

Ta yi sallama ta shigo, tana taka ɓarɓashin katako. Auta ta tsaya a bayanta.

"Baban Auta, na san ba ka son ganina, kuma ban ga laifinka ba," in ji Umma. "Wancan karon ban roƙa ba aka ba ni, kai kuma ba ka yarda ba aka ɗauka. Wannan karon roƙo na zo yi. Maza za su zo daga baya, yayana ne zai ja su, da ƙafarsa. Amma na ce sai na fara zuwa da kaina. Ina son 'yarka ta zama matar ɗana. Ba don abin da ke cikina ba, wannan tsakaninta da Allah ne, ba ni da abin biya. Yarinyar ba ta zuwa a kan lokaci, ba ta iya wanki ba, ga baki. A haka nake son ta. Kana da ikon ka ce a'a. In ka faɗa zan tafi, ba zan ƙullace ka ba."

Mai Kemis ya sauke ƙafarsa. "To ai Hajiya, maganar nan an riga an..."

Ba wanda ya dube shi.

Baba ya kalli matar. Ya dubi 'yarsa, ta sunkuyar da kai. Ya naɗe tef ɗin awo a hankali ya ajiye a kan tebur.

"Mai Kemis," in ji shi, "tashi ka ba Hajiya kujera."